Yadda za ki sa wa kayanki kuɗi ranar da za ki fara fita kasuwar but a Ingila

Duk wadda ta yi shekara biyu uku a ƙasar nan da yara ta san yadda kaya suke taruwa wa mutum, gidajen ga su ƙanana ba sito ba tsakar gida, yaro ya sa takalmi wata huɗu ya yi masa kaɗan, keken tura jariri na tsaye a lungu yana cin waje. A gida da tuni kin ɗure su a buhu kin aika ƙauye ko kin raba wa 'ya'yan dangi, a nan kuwa kuɗin kago kaɗai sai ya fi kuɗin kayan. Shi ya sa ƙarshenta kowa sai ta ji labarin abin da Turawa suke kira car boot sale, mu dai a gidanmu kasuwar but muke cewa. Fili ne ake samu, wani lokaci gona, wani lokaci filin makaranta ko wajen fakin, yawanci safiyar Lahadi wasu kuma Asabar, daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba lokacin da sanyi ya ɗan sassauta, kowa ya cika but ɗin motarsa da tsofaffin kayan gidansa ya biya kuɗin waje ya baje. Gwanjo ne dai, sai dai mai kayan ne da kansa yake tsaye a kai.

Fitata ta farko kuskure biyu na yi, kuma su biyun kishiyoyin juna ne. Kayan yara da na saya da tsada na ƙi sakin su, ina tuna abin da na biya ina cewa fam 4 fam 5, mutane suna ɗagawa suna ajiyewa, na dawo da fiye da rabi gida. Sannan wata tukunyar ƙarfe mai nauyi da maƙwabciya ta bar mini da za ta tashi, ban ma san sunan kamfanin da ke jikin murfin yana da wata daraja ba, wani mutum ya ɗauke ta a fam 3 tun ban gama sauke kaya ba, sai daga baya na duba na ga irinta ta hannu ana sayar da ita ninkin ba ninkin haka. Abin ya daɗe yana damuna wallahi. To duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo asali: yawancin kayanki ba su kai yadda zuciyarki take gaya miki ba, 'yan kaɗan kuma sun fi yadda kike zato, aikinki kafin ranar shi ne ki san wanne ne wanne.

Ki fara da lissafin abin da fitar za ta ci

Kafin ki sa wa ko cokali kuɗi ki san nawa za ki kashe. Kuɗin waje na ƙaramar mota yawanci tsakanin fam 8 ne zuwa 15, ya danganta da gari, babbar mota ta fi haka, a Landan kuma komai ya ɗara. Ki ƙara kuɗin mai, ki ƙara shayi da abin da yara za su ce sai an saya musu in kin tafi da su. In duka ya kama fam 20 to kin san sai kin sayar da kayan fam 1 guda 20 kafin ki fara ƙirga naki. Wannan lissafin shi zai gaya miki ko ma fitar ta dace, don in duk abin da kika tara leda biyu ce ta kayan sawa to gara ki jira ya ƙaru ko ki haɗa mota da wata ƙawarki ku raba kuɗin wajen, kowa da kalar sitikarta don kar kuɗi ya cakuɗe.

Ki kuma duba shafin masu kasuwar ko ki kira su, ƙarfe nawa masu sayarwa suke shiga, ana kama waje tun kafin ranar ko wanda ya riga zuwa, me suka hana. Da yawa sun hana sayar da abinci da sabbin kaya, to kar ki ce za ki soya fanke ko ki dama zoɓo ki haɗa. Yawancinsu sammako ake yi wajen 6 ko 7 na safe, akwai kaɗan irin ta Battersea a Landan da sai da rana ake buɗewa.

Raba kaya gida uku

Mako ɗaya kafin ranar ki zube komai a falo ki raba. Kashi na farko tarkace masu tafiya da yawa: kayan sawa na yara, littattafai, fayafayen DVD, kofuna, ƙananan kayan wasa. Kashi na biyu masu ɗan auki: keken yara, keken tura jariri, jaket mai kyau, takalma masu suna, injin markaɗe, fitilar tebur, kayan aikin maigida irin su abin huda bango. Kashi na uku kuma waɗanda ba za su je kasuwar ba sam, kuma wannan kashin ya fi kowanne muhimmanci.

Zinare ba ya zuwa. Ki juya duk wani ɗan kunne ko zobe ko sarƙa ki duba ɗan hatimin da ke jiki, in kin ga 375 ko 750 ko 875 ko 916 zinare ne, na farkon karat 9, sai 18, sai 21 irin wanda muke sayowa a Saudiyya da Dubai, sai 22, in kuma 925 ne azurfa ce. Dillalai suna yawo da ɗan gilashin dubawa a aljihu saboda wannan kawai, suna tona kwalin tarkacen sarƙoƙi na kwabo 50. Waya da kwamfuta da na'urar gem su ma ni ba na kai su, ki shiga shafin CeX, shagon da yake sayen irin waɗannan na hannu, za ki ga nawa za su ba ki kuɗi a hannu, da wuya wani a fili ya ba ki fiye da haka, kuma ga bayananki a ciki in ba ki goge da kyau ba. Kujerar jariri ta mota ba na sayarwa ba na kuma son a saya ta hannu, don mai saye ba shi da hanyar sanin ko ta taɓa shiga hatsari. Jakar da kin san ba ta asali ba ce, irin masu tambarin manyan kamfanoni da ake sayowa a araha, ki bar ta a gida, sayar da jabu laifi ne a ƙasar nan ko da kin faɗa wa mai saye jabu ce, kuma jami'an Trading Standards, masu sa ido kan dokokin ciniki, suna zagaya irin kasuwannin nan. Wuƙaƙen kicin ma doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ni kawai ba na fita da su.

Sai kayanmu na gida, atamfa da leshi da shadda ɗinkakku. Na san da ciwo amma a kasuwar but ba wanda ya san darajarsu, leshin da kika kashe wa kuɗi mai yawa a ɗinki sai a taya miki fam 2. Waɗannan ki ajiye su ki tallata a cikin 'yan'uwa gab da sallah ko lokacin biki, ko ki ba mai tafiya gida. Yadin da ba a ɗinka ba kam yana iya tafiya, akwai matan Turawa masu ɗinke-ɗinken matashin kujera da jakunkuna da suke son zanen atamfa, su kan biya ba tare da jayayya ba. Abaya da gyale da hijabi suna tafiya in garin da kike akwai Musulmi da yawa kamar Birmingham ko Bradford ko Leicester.

Yadda ake gano kuɗin abu

Kashi na biyun nan shi za ki zauna wa da waya. Ki buɗe eBay ki rubuta sunan abin da lambarsa in yana da ita, sannan, nan ne mutane suke kuskure, ki shiga wajen tacewa ki danna Sold items. Abin da yake fitowa da farko kuɗin da masu kaya suke fata ne, wani ya sa fam 90 kuma abin ya yi wata shida ba wanda ya kalla. Wanda aka riga aka sayar shi ne gaskiyar kasuwa. Ki duba guda biyar ko shida masu kama da naki a lafiya da tsufa, ki ɗauki na tsakiya, kar ki ɗauki mafi tsada ki ce ai nawa ma haka yake.

In kin samu wannan adadin to ki raba shi biyu, kuɗin kasuwar but kenan, wani lokaci ma kashi ɗaya cikin uku. Dalili kuwa mai saye a intanet shi ya je neman abin da kansa, ya san yana so, mai zagaya fili kuwa tsintar abin ya yi da 'yan silalla a aljihu, ba zai iya gwadawa ba ba zai iya dawo da shi ba. Misali keken tura jariri da kika saya fam 250, kin duba kin ga na hannu yana tafiya fam 60 zuwa 80, to a fili ki sa 35, ki san a ranki in an ba ki 25 za ki sallama. In kin ji ba za ki iya ba to wannan alama ce ba kayan kasuwar but ba ne, ki ɗora shi a Facebook Marketplace ko Gumtree wanda yake so ya zo gida ya ɗauka. Kayan sawa masu suna kuma manhajar Vinted ta sayar da kayan hannu ta fi, ba sa cire wa mai sayarwa komai, eBay ma tun Oktoban 2024 ta daina cajin masu sayar da kayan kansu a Birtaniya in ba mota ba. Ni ƙa'idata duk abin da zai kawo sama da fam 30 a intanet ina gwada shi can tukuna na mako biyu, in ya ƙi sai ya shiga but.

Ki lura da sunaye. Lego ko da a warwatse yake a leda yana da masu nema, kar ki zuba shi a kwalin tarkace. Tukwanen Le Creuset, irin wadda ta kuɓuce mini kenan, kwanukan Denby, tsofaffin Pyrex masu zanen fure, takalman yara na Clarks da ba su ci ƙasa ba, duk waɗannan ki duba su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ki san shi ba musamman wanda aka ba ki kyauta ko kika tarar a gidan haya, ki ɗauki hotonsa da manhajar Google Lens ta nemo miki irinsa a intanet, minti ɗaya ne.

Kashi na farko kuwa ba ya buƙatar bincike, kuma nan ne sai kin danne zuciyarki. Ga yadda nake sawa kuma yana tafiya: kayan jarirai da na yara kwabo 50 ɗaya, uku fam 1, in set ne mai kyau na Next ko M&S fam 1 zuwa 2. Rigunan manya fam 1 zuwa 2, wandon jins fam 2 zuwa 3, jaket ɗin sanyi fam 5, mai suna sosai ta kai 10. Littafi mai laushin bango kwabo 50, mai tauri fam 1, DVD kwabo 50 don yanzu kusan ba mai kallo, kofuna da faranti kwabo 50, kayan wasa ƙanana kwabo 20 zuwa 50, manya masu batir fam 2 zuwa 4. In kin rasa yadda za ki yi da wani abu ki ɗauki kashi 10 cikin 100 na kuɗin sabonsa a yau, ki ƙara kaɗan in kamar sabo ne. Kuma ki tuna da Primark, rigar da sabuwarta fam 3 ce a shago ba mai ba ki fam 2 a ta hannu, kwabo 50 ce ko ki haɗa ta gyara. Shagunan sadaka irin su Oxfam da British Heart Foundation su ma ma'auni ne, ki leƙa ki ga kuɗinsu, naki ya zama ƙasa da nasu don su suna da rufi da wajen gwaji.

Lokaci ma yana canza kuɗi. Yunifom ɗin makaranta a watan Agusta kamar a yi faɗa a kansa don Satumba ake komawa, amma a Mayu ba mai kallo. Jaket a Yuli sai dai ki yi kwantai, ki ajiye zuwa Satumba ko Oktoba. Kayan lambu da keken yara kuma farkon bazara.

Rubuta kuɗin ko kar a rubuta

A nan ne tarbiyyar kasuwarmu take ba mu matsala. Mu mun saba a Kofar Wambai ko Sabon Gari mai kaya ya ce miki saya nawa, ki taya ya ce albarka, ki yi kamar za ki tafi ya kira ki, ana raha har a daidaita. Yawancin Turawan Ingila ba haka suke ba, in abu ba kuɗi a jiki da yawansu ba za su tambaya ba, kunya suke ji kar su tambaya su kasa saya, in kuma kika faɗi kuɗi mai yawa da niyyar a rage sai ya yi murmushi ya ce ya gode ya wuce, ba zai taya ba kuma ba zai dawo ba. Rashin tayi akan bar araha, to a nan rashin tayin shi ne al'ada. Saboda haka ɗora ninki uku ba ya aiki. Ki ɗora kaɗan kawai, abin da kike so a fam 4 ki rubuta 5, wanda kike so a 8 ki rubuta 10.

Ni abin da nake yi, tarkace ba na bi ɗaya ɗaya, kwali nake samu in rubuta da babbar maka a jiki, komai a nan kwabo 50, wani komai fam 1, wani fam 2, in jera su a ƙasa kan tampol inda yara da masu tonawa za su durƙusa. Kayan yara in raba su da shekaru, wata 0 zuwa 6 daban, shekara 2 zuwa 3 daban, uwa tana zuwa ta san inda za ta sa hannu kuma sai ta kwashi goma a maimakon ɗaya. Masu auki su nake manna wa sitika ɗaya ɗaya in ɗora a tebur, teburin manna takardar bango mai naɗewa da ake sayarwa a B&Q shi kowa yake amfani da shi, ba shi da tsada amma ba ya ɗaukar nauyi, ki sa masu nauyi a ƙasa. Sitikar kar ki manna a bangon littafi ko kan fata, tana ɓata wajen, tef ɗin takarda ya fi sauƙin ɓarewa. Manyan kaya guda biyar ko shida kuma ina da 'yar takarda a aljihu da na rubuta lamba biyu a gaban kowanne, abin da zan fara faɗa da ƙarshen abin da zan karɓa. In maigida ko babbar 'yarki za su taya ki tsayuwa su ma ki ba su kwafi, don kar ki je bayi ki dawo ki tarar an sallamar da keke a fam 5.

Wanki da guga suna ƙara kuɗi fiye da yadda kike zato. Rigar da aka rataya a hanga tana kawo ninkin wadda take cikin tsibi. Kayan batir ki sa musu batir mai aiki a gwada a gabanki. Abin da yake da aibi kuma ki faɗa, ki rubuta a jikin sitikar ma, zif ya lalace, ƙafa ɗaya tana girgiɗi, babu caja. Mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu, yana cikin Sahihu Muslim. Kuma na lura mutum in kin nuna masa aibin da kanki sai ya daina neman ragi a sauran.

Canji

Ki tanadi kamar fam 30: silallan fam 1 guda 15, kwabo 50 guda 10, takardar fam 5 guda 2. In kin tsaya kan kwabo 50 da fam 1 da fam 2 ba ki buƙatar ƙananan silalla, shi ya sa ba na son farashi irin 1.75, ɓata lokaci ne. Masu zuwa da sassafe daga injin cire kuɗi suke, fam 20 za a miƙo miki a kan kofin kwabo 50, ba laifi ki ce ba canji ya zagaya ya dawo ki ajiye masa. Fam 50 ni ba na karɓa. Tsofaffin takardun fam 20 da 50 na takarda sun daina aiki tun 30 ga Satumba 2022, yanzu na roba ne, tsohon fam 1 mai zagaye kuma tun Oktoban 2017, na yanzu kusurwa 12 gare shi, ki duba don akwai masu zubar da tsofaffin a irin wajen nan. Wanda ya ce zai tura ta banki ki jira sai kin gani a taki wayar, kar ki yarda da abin da ya nuna miki a tasa. Kuɗin kuma a jakar ɗaurawa a ƙugu, ba a gwangwani kan tebur ba.

Safiyar ranar

Ki loda mota tun daren Asabar, tebur ya zama shi ne na ƙarshen shiga don ya fara fita. A lokacin bazara asuba tana yi da wuri sosai, kina idar da salla ki ɗan kishingiɗa sai shiri.

Abin da zai ba ki tsoro shi ne minti goman farko. Kina kashe mota za ki ga mutane sun kewaye ki, wasu har suna leƙa gilashi, kina buɗe but hannaye sun shiga, ana tambayarki akwai waya, akwai turare, akwai zinare, akwai gem. Waɗannan dillalai ne, sana'arsu kenan, sun biya kuɗin shiga na sammako don su saya a araha su kai intanet, ba mugaye ba ne amma sun fi ki sanin kuɗin kayanki kuma sun san sabuwar zuwa daga ganin yadda take rawar jiki. Abin da za ki yi, ki fito ki kulle motar ki ce musu sai nan da minti goma, ko ki tsaya ki sha shayinki har su gaji su koma kan motar da ta shigo bayanki. Sannan ki fitar da tebur, ki riƙa sauke kwali ɗaya kina rufe but. Masu daraja su zauna a kujerar gaba a kulle sai kin gama jerawa.

Kuma a wannan lokacin ba ragi. Ƙarfe 7 na safe wanda ya taya abin fam 10 a fam 3 ki ce masa yanzu aka buɗe, ya dawo ƙarfe 11 in yana nan. In kin ga mutum ya ɗauki abu ya riƙe gam ya biya ba ko tayi, ko biyu suna rige-rige a kai, to ki duba sauran irinsa da ke wajenki kafin ki faɗi kuɗinsu.

Daga wajen 8 zuwa 10 sai masu iyali su shigo, nan ne cinikin gaske yake. Za ki haɗu da masu tayi sosai, 'yan'uwanmu 'yan Afirka da mutanen Asiya da na gabashin Turai, su kam sun iya ciniki irin namu, sai a taya miki rabi. Kar ki ji haushi, kar ki ce an raina miki kaya, ki faɗi naki ku haɗu a tsakiya. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce gyara a maimakon ragi, mace ta ɗauki riguna huɗu na fam 1 tana cewa fam 2, sai in ce ki ba da 3 ki ƙara ɗaya daga kwalin can. Ta tafi da murna, ni kuma kaya sun ragu. Wanda ya tara kaya da yawa ki yi masa kuɗi ɗaya dunƙule ki yafe 'yan kwabban. Yaro in ya zo da kwabo 20 a hannu yana kallon motar wasa ta kwabo 50, ki ba shi kawai.

Wajen 10 da rabi ki zagaya teburinki da maka. Duk abin da aka ɗaga sau uku aka ajiye kuɗinsa ne ya yi yawa, ki rage. Wanda ba a ko taɓa ba wataƙila wajen da yake ne, ki canza masa waje ki dawo da shi gaba. Daga 11 komai rabin kuɗi, kwalin fam 1 ya koma kwabo 50, ki faɗa da baki ma don masu wucewa su ji. Rabin awan ƙarshe ki fito da ledoji ki ce cika leda fam 1 ko fam 2 a kayan sawa, za ki sha mamakin yadda tsibin zai narke. Manyan kayan da kika rubuta wa ƙarshen farashi su kaɗai ne ba sa shiga wannan, in ba su kai ba su koma gida su hau intanet.

Magana ɗaya kan doka don na san da yawanmu da bizar karatu ko ta aiki muke zaune. Sayar da tsofaffin kayan gidanki ba kasuwanci ba ne kuma galibi ba haraji a kai. Amma in abin ya yi miki daɗi kika fara sarin kaya don ki sayar ki ci riba, wannan ya zama sana'a, hukumar haraji ta HMRC ta yafe fam 1,000 na farko a shekara, abin da ya haura sai an yi rajista, mai bizar ɗalibi kuma an hana ta sana'ar kanta gaba ɗaya, to ki duba sharuɗɗan bizarki kafin ki wuce kayan gidanki.

Abin da ya rage in an tashi, tun a filin ki raba shi. Na sadaka a leda ɗaya, na intanet a ɗaya, wanda ya lalace kuma ki tafi da shi gida ki zubar, masu kasuwa ba sa yarda a bar musu shara. Ledar sadakar ki bar ta a but har Litinin ki kai shago lokacin da yake buɗe, kar ki ajiye a ƙofarsu da dare, ruwa yana lalata kayan kuma ana iya cin ki tara. In kin isa gida ki cire fam 30 na canjinki da kuɗin waje kafin ki ƙirga, sannan ki rubuta a waya abin da ya tafi da wuri da abin da ya yi kwantai da nawa aka riƙa tayawa, da wannan takardar za ki sa kuɗin fita ta biyu.